Washegarin Sallah a Gidan Ruwa

Kwana ɗaya tak doka ta ba mu, kuma duk wanda ya rubuta dokar nan na tabbata bai taɓa saukar baƙi sittin a gidansa ba. In kai Kirista ne irina, za ta ba ka ranar slava, wato ranar waliyyin gidanku da ka gada daga ubanka, ka zauna gida albashinka na tafiya. In Musulmi ne kai irin Rifat, ta ba ka ranar Sallah. Shi ke nan, wai ta yi maka gata. To a gidan uban wa ake yin slava a kwana ɗaya? Jajibere ana yanka ana gashi, ran biki limamin coci ya zo a yanka burodi a kunna kyandir, washegari kuma waɗanda ba su samu kujera jiya ba su zo cin rabonsu. Sallah ma haka take. Ranar farko ta masallaci ce da 'yan'uwa na jini, washegari a je maƙabarta da safe, a dawo a buɗe wa maƙwabta ƙofa.

Sunana Stanoje. Shekara ashirin da bakwai ni da Rifat muna riƙe da aikin rana a gidan ruwan garinmu, can kan tudu sama da kogin Lim, awa goma sha biyu, yau ni gobe shi. Ruwa bai san hutu ba, injinan ba sa tsayawa ko da gari gaba ɗaya ya tafi biki. In jerin aiki ya ɗora mini jajiberen slava ko washegarinta, Rifat ke zuwa ya zauna a madadina. In ya ɗora masa washegarin Sallah, ni ke zuwa. Sai dai akwai wata dokar da ta hana mutum yin awa goma sha biyu kwana biyu a jere, saboda haka wanda ya zo sunan ɗan'uwansa yake rubutawa a littafin aiki, ya sa masa hannu. Na iya sa hannun Rifat fiye da shi kansa, har da wutsiyar nan da yake ja a ƙarshe kamar ta ɓera.

Ba mu muka fara ba. Iyayenmu haka suka yi a masaƙa, haka kuma ake yi har gobe a duk inda Kirista da Musulmi ke karɓar aiki hannun juna. Kowa ya sani, ba mai faɗa. In aka yi rashin sa'a ranar ta faɗo kan hutun ƙasa, wanda duk ma'aikacin da ya yi aiki a cikinsa ake ninka masa kuɗin ranar har da ɗoriya, akwai tsohuwar akawunmu Mileva. Ta san wanda ya zauna da gaske, sai ta karkata masa ƙarin ta wata hanya, magana ta mutu. Bara Mileva ta yi ritaya, aka maye gurbinta da na'ura. Yanzu hoton littafin ake ɗauka a tura, na'ura ta karanta suna ta biya mai sunan.

A bana ƙaramar Sallah ta faɗo cikin hutun Ranar Ma'aikata, kuma washegarin Sallah na Rifat ne a jeri. Na tashi da sassafe na hau tudu, na buɗe littafi na rubuta sunansa yadda hannuna ya saba, ko kaɗan ban kawo a raina cewa ranar ta bambanta da sauran ba. Na yini ina duba ma'auni duk bayan awa biyu, na zuba maganin ruwa, na ci burodi da cuku, da yamma na sauka gida. Ƙarshen wata Rifat ya ga albashinsa ya kumbura, ya gane abin da ya faru, ya ciro ƙarin ya cusa mini a aljihu muna musayar makulli. Man fetur na zuba wa motata da shi.

Wata biyar suka rage wa Rifat ya yi ritaya. Shekara arba'in yana aikin gwamnati ba a taɓa rubuta masa ko da gargaɗi ba. Kuɗin sallama na jiransa, da su yake so ya sake rufin gidansa, ga kuma ragon da ake gasa wa duk wanda ya gama lafiya, a farfajiyar gidan ruwa, kowa ya ci ya faɗi alherinsa. Abin da ya shiga hatsari kenan. Wanda kuwa ya tona asirin, ba da niyya ba, daraktanmu ne, Obrad.

Obrad mutum ne da ko ruwa ba ya sha sai an ɗauke shi hoto. Washegarin Sallah ya shiga mota ya zagaya gidajen ma'aikatansa Musulmi, don a ce shi na kowa ne. Ya shiga gidan Rifat, ya rungume shi, ya cika baki da baklawa, kayan zaƙin da ake ba baƙi da Sallah, direbansa ya ƙyasta hoto, aka liƙa a shafin hukumarmu da manyan haruffa: darakta ya kai wa ma'aikacinmu gaisuwar Sallah. Ga kwanan wata, ga lokaci, ƙarfe ɗaya da kwata na rana. A daidai wannan lokacin, in ji littafin aiki, Rifat na kan tudu yana duba ma'auni.

A watan Yuni aka turo mai bincike daga babban birni, wani Andrija, wai kuɗin aikin hutu na hukumarmu sun yi yawa. Sun yi yawa mana. Mutum goma sha ɗaya ne a ofis ke karɓar kuɗin nan duk hutu suna kwance a gida, wai suna cikin shirin ko-ta-kwana, daga matar ƙanin Obrad har mai dafa musu kofi. Ban taɓa ganin ranar da bututu ya fashe ɗayansu ya fito ba. Amma su takardunsu tsaf suke, da hatimi da komai. Andrija ya kwana uku yana juya takardu bai samu abin kamawa ba. Rana ta huɗu ya buɗe shafin hukumar, ya ci karo da Rifat riƙe da faranti yana murmushi.

Ana gobe zaman kwamitin ladabtarwa ina bakin aiki, sai ga Rifat ya hau tudu da la'asar, yana haki. Ya zauna kan akwatin kayan gyara ya cire hula.

"Ashana," ya ce. Haka yake kirana, wai ƙyastawa ɗaya nake kamawa. "Zauna, magana na zo da ita."

"Ba zan zauna ba. Gobe sai na wanke ɗan iskan nan tas, shi da mai cin baklawa."

"Abin da ya hawo da ni kenan. Gobe ba za ka wanke kowa ba. Na ga Obrad. Ya ce in ce na zo da safe na sa hannu, baƙi suka cika gida na sauka, da yamma na dawo na cike lissafin ma'aunin a littafi. Laifi ɗaya, rana ɗaya. In mayar da kuɗin, a rubuta mini gargaɗi, Oktoba ta yi in tafi abina."

"Ka ce ka bar ruwan mutum dubu ashirin ba mai gadi? Kai? Kai da jana'izar surukinka ma da kayan aiki ka je ta?"

"Ni zan faɗa, ba bakinka na zo ara ba."

"Ƙarya ce fa, Rifat."

"Ƙarya ce mana, wa ya ce maka gaskiya ce? Kai da ka shekara ashirin da bakwai kana rubuta sunan wani, yau kuma ka zama waliyyi?"

"Kuɗin ma ni na ci."

"Ka ci lafiya. Ai ba kai ka ci ba, wannan akwalar motar taka ce ta sha, kuma ko godiya ba ta yi ba, jiya na ji tarinta tun daga gada."

Ban yi dariya ba. Ya dube ni ya daina tasa.

"Stanoje, tunda muke ban taɓa roƙonka komai ba sai aron tsani. Kai ne wakilin ma'aikata, dole a zaunar da kai a ɗakin nan, ba yadda zan yi. To ka zauna, ka danne hannuwanka da cinya, ka ƙirga kusoshin da ke jikin ƙofa. Awa ɗaya ce. Duk abin da aka ce mini, ni aka ce wa. Yi mini alkawari."

Na yi masa alkawari. Na rantse da waliyyin gidanmu, Luka, wanda Rifat ya san ranarsa fiye da wasu dangina. Ya miƙe ya karkata kunne ga inji na biyu na ɗan lokaci, ya ce in duba shi, akwai abin da ke karkarwa a ciki, sannan ya sauka.

Ni aka zaɓa wakilin ma'aikata saboda bakina, ba don na san doka ba. In ana rigimar takalman aiki ko kuɗin sufuri, ni ake turawa in yi hayaniya har a gaji a ba mu. Ban taɓa zaman da aikina a cikinsa shiru ne ba.

A ɗakin taro na bene aka zauna. Obrad a tsakiya, Andrija a damansa, sakatariya a gefe da na'urar rubutu, ni a ƙarshen tebur. Rifat ya zo cikin kwat ɗinsa ta Sallah, ita ce ma a hoton. Andrija bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, fari sol, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin mutanen da ba ka taɓa jin sun ɗaga harshe ba amma kowa shakkarsu yake yi.

Rifat ya faɗi abin da aka tsara masa, kansa a ƙasa. Ya zo da safe, ya sa hannu, ya sauka, ya dawo. Andrija ya tambaye shi ko ya san abin da zai faru in maganin ruwa ya ƙare ba kowa a wurin. Rifat ya ce ya sani. Mutumin da ya koya wa rabin ma'aikatan hukumar yadda ake auna maganin nan, wai shi ake tambaya ko ya sani. Obrad ya sa baki, ya ce dattijon kirki ne, kuskure ne, shekaru sun ja, a yi masa sassauci. Shekaru sun ja. Na danne hannuwana da cinya har suka mutu. Kusoshi ashirin da huɗu ne a jikin ƙofar nan, na ƙirga su ya fi sau goma.

Daga nan Andrija ya rufe fayil, ya mayar wa alƙalaminsa murfi. An gama. Da idona na gani, ba zan taɓa cewa ban gani ba. Saura kowa ya miƙe. Amma sai ya jingina da kujera, ya ga ai bai yi wa'azi ba tukuna.

"Malam Rifat," ya ce, "gargaɗi zan rubuta, saboda shekarunka. Amma bari in gaya maka abin da ba zai shiga takarda ba. Irinku ne kuka sa duk inda aka ce ma'aikacin gwamnati sai mutane su yi dariya. Mutum ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba, kuma a ranar ibadarsa, ni suna ɗaya na san ana kiran wannan. Sata ce. Ka koma gida ka dubi jikokinka da wannan."

Rifat ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

Wannan ce ta kunna ni. Da ya yi shiru ma da wataƙila na daure. Amma dattijo mai shekara sittin da huɗu ya ce wa sa'an ɗansa ranka ya daɗe bayan an kira shi ɓarawo, ga Obrad na gyaɗa kai kamar ba cikinsa baklawar ta shiga ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ƙarar kujera na ji ta faɗi a bayana.

"Wa kake kira ɓarawo? Kai yaushe aka haife ka? Ruwan da ka wanke fuska da shi yau a masauki, wannan dattijon ne ke turo shi tun kafin uwarka ta yaye ka. Ba a bar gidan ruwa ba kowa ba, ko minti ɗaya. Ni na zauna ranar nan, ni Stanoje, daga shida zuwa shida. Ni na rubuta sunansa, ni na duba ma'auni. Kuɗin da kake magana ko dinari ɗaya bai riƙe ba, a aljihuna ya zuba su. In ɓarayi kake nema sauka ƙasa, goma sha ɗaya ne suna shan kofi. Ga darakta nan, tambaye shi, ya san komai."

"Ni ban san komai ba," in ji Obrad, yana kallon tebur.

Andrija bai ko motsa ba. Ya cire wa alƙalamin murfi a hankali, ya sake buɗe fayil.

"Ɗauki kujerarka ka zauna, Malam Stanoje, ba wanda ke faɗa da kai. Na gode da ka yi magana. Wato ranar nan kaɗai ka taimaka masa, saboda Sallah."

"Ranar nan kaɗai? Ka ɗauka jiya muka san juna? Shekara ashirin da bakwai muna haka."

"Kowace shekara?"

"Kowace shekara. Sallah biyu, slava ɗaya. In tawa ta zo shi ke zama, ruwa bai taɓa ɗaukewa ba, ba wanda ya taɓa ciwon ciki. Kai da dokarka ta kwana ɗaya, je ka yi slava a kwana ɗaya mu gani."

"Wato shi ma yana sa hannu da sunanka."

"Ƙwarai kuwa. Haka mutane ke zama da juna a nan, in ba ku sani ba a can."

Ba abin da ake ji a ɗakin sai yatsun sakatariya a kan na'ura. Ni kuwa ƙirjina cike da daɗi, ina jin na wanke abokina a gaban kowa. Na juya in ga fuskarsa. Idanunsa a rufe suke, hannuwansa biyu a kan hular da ya ɗora a gwiwa, kamar mai jiran likita ya gama allura.

A matakala Obrad ya riƙo mini hannu. "Ka san abin da ka yi kuwa? Sau ɗaya kuskure ne, hukuncinsa gargaɗi. Abin da aka maimaita da gangan hukuncinsa kora, kuma tunda ya shiga takarda ni ba ni da ikon taɓa shi. Ga shi ka tabbatar ƙarya ya yi wa kwamiti."

"Ƙaryar da kai ka koya masa."

"Wa ya ji?"

Na fizge hannuna. "To a kore mu duka, ai tare muka yi."

Obrad ya sauka abinsa. Kafin in fito Rifat ya riga ya kai bakin titi. Na kira shi sau biyu, motar haya ta tsaya, ya shiga.

Bayan mako biyu aka liƙa hukunci a allon sanarwa, inda kowa ke wucewa. An kori Rifat: ya karɓi kuɗin hutun da bai yi aikinsa ba, ya yi wa kwamiti ƙarya, ya maimaita laifin rubuta sunan wani shekara da shekaru. Wanda aka kora ba shi da kuɗin sallama. Ni kuma an zaftare mini kashi ɗaya cikin biyar na albashi na wata uku, la'akari, in ji takardar, da haɗin kan da na bayar wajen gano gaskiya. Na tsaya na karanta layin nan sau uku. A rayuwata an zage ni iri-iri, a mashaya da filin ƙwallo da gidan surukai, amma ba a taɓa yi mini zagi mai ciwon wannan ba.

Ainihin dalilin kowa ya sani. Mu biyu ne masu aikin rana da ke da takardar shaidar taɓa maganin ruwa. In aka kore mu duka, gari zai yini ba ruwa. Sai suka zaɓi wanda da ma tafiya zai yi, suka kuma huta da biyan sallamarsa.

Na hau bene ba ƙwanƙwasa ƙofa, na wurga wa Obrad makullan gidan ruwa a kan tebur. Ya turo mini su da ɗan yatsa.

"Bar su a nan in kana so," ya ce. "Gobe in asibiti ba ruwa, sunanka ne a jeri."

Na zage shi, na zagi hotonsa da direbansa da matar ƙaninsa. Ya saurara har na gaji. Daga nan na ɗauki makullan na mayar aljihu, kuma wannan ma ban yafe wa kaina ba.

Na rubuta takarda cewa duk garin haka ake yi, in laifi ne to kowa mai laifi ne, na shiga gari neman masu sa hannu. Na je wurin mutanen da na san sun shekara talatin suna karɓar wa juna Sallah da Kirsimeti. Wannan ya ce yana da yaro a jami'a. Wancan ya ce in dawo gobe, gobe kuma matarsa ta ce ba ya nan, ina hango takalmansa a bakin ƙofa. Wata ta dube ni ta ce, "Stanoje, ka rusa wa mutum ɗaya, bai ishe ka ba sai ka haɗa da mu?" Mutum uku suka sa hannu, ɗaya daga ciki matata ce, ita kuwa ko aikin gwamnati ba ta yi. A wannan makon aka daina musayar kwana a ko'ina cikin garin. Babbar Sallah ta zo, mutane suka yi yanka ranar farko, washegari suka tafi aiki suka bar mata da nama.

Duk wannan zarya da na yi, na san abin da nake gudu. Titi uku ne tsakanin gidana da na Rifat, kuma sai da na kwana ashirin kafin na taka su.

Ranar Asabar ce da hantsi. Na bi ta ƙofar lambu yadda na saba, in same shi ƙarƙashin bishiya yana gyaran wani abu. Matarsa Zumra ta tare ni tun kafin in ƙarasa, ta gaishe ni da kyau, ta tambayi iyali, sannan ta zagayo da ni ta ƙofar gaba ta buɗe mini ɗakin baƙi. Sau biyu na taɓa zama a ɗakin nan, ranar auren 'yarsu da ranar ta'aziyyar mahaifiyarsa. Na zauna a bakin kujera. A kusurwa an ajiye bokiti, silin ɗin samansa ya yi baƙi.

Rifat ya shigo ya ba ni hannu. Ya rame, amma ya yi aski tas. Ya zauna nesa da ni kaɗan.

Na fara zuba. Na ce za mu kai su kotu, na ga wani lauya, ya ce akwai hanya. Na ce zan je gidan talabijin in faɗi sunayen goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ce Obrad sai ya yi da-na-sanin ranar da ya koyi tauna. Na ce rufin nan ni zan yi shi, ni da surukina, ko da motata zan sayar. Ya bar ni na yi ta yi har muryata ta dushe.

"Ka duba inji na biyun?" ya ce.

"Na duba."

"To madalla."

"Rifat, ka ce wani abu mana. Zage ni. Ɓarawo ya kira ka, a gabana. Ya kake so in yi?"

"Gaskiya ka faɗa, maƙwabci. Ba wanda zai ce ka yi ƙarya." Ya kalli bokitin. "Ka wanke kanka tas. Ni kuma da na ji zagin, na haɗiye shi, ina ganin ƙofa a buɗe saura in miƙe."



A wurinmu sau uku ake dafa wa baƙo kofi. Na farko na maraba ne, mai kauri, da sukari da ɗan abin zaƙi a gefe. Na biyu na hira ne. Na uku tsararo ake yin sa, ruwa-ruwa, daga guntun garin da ya rage a tukunya, kuma ko ƙaramin yaro ya san ma'anarsa: zama ya ƙare, a tashi a tafi. A gidan nan ban taɓa kaiwa ga na uku ba, don ni ba a taɓa lissafa ni cikin baƙi ba, da kaina nake zubawa a kicin.

Zumra ta shigo da tire, ta ajiye a gabana, ta koma ta tsaya bakin ƙofa. Kofi ɗaya ne, tsararo, ba sukari, ba komai a gefe. Ina hango gindin kofin ta cikin ruwan. Na dubi Rifat ko zai ce mata wani abu. Ya ga kofin sarai, ya kawar da kai wajen taga.

Na ɗauka na shanye da zafinsa, na yi musu godiya, na fita ta ƙofar gaba.